BABI NA UKU: JAKARA A MATSAYIN FAGEN NAZARIN ƊALIBAI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ɗalibai ke nazarin Jakara, wato tsohuwar hanyar ruwan nan da ta ratsa birnin Kano, da kuma muhallin da ke kewaye da ita. Za a dubi matsayinta a tarihi, da yadda ta sauya daga ƙorama ta koma magudanar ƙazanta, sannan a zo kan abubuwan da ɗalibai ke aunawa a cikinta da waɗanda ba su cika kulawa da su ba. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, gwajin ruwa a ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ba ya wadatarwa wajen sanin Jakara, sai an haɗa da abin da tarihi da harshe suka adana game da ita.

3.1 Inda Jakara Take

Jakara ta faro ne daga cikin tsohon birnin Kano, a kwarin da ke kusa da Dutsen Dala da Goron Dutse. Ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fice daga ganuwa, ta wuce kusa da babbar mayankar dabbobi da Kanawa ke kira Abbatuwa, ta ratsa ta Fagge da gefen Sabon Gari, ta nausa arewa maso gabas. A can gaba ne ta haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Daga nan suka zama ruwa ɗaya har zuwa madatsar da aka gina a 1976 a Wasai, cikin Ƙaramar Hukumar Minjibir.

Ɗalibin da ya fito daga kudancin Jihar Katsina, kamar 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san rafi da wata ɗabi'a guda. Yakan cika ya batse da damina, idan rani ya yi nisa kuma ya ƙafe, har sai an tona yashi kafin a sami na shayar da dabbobi. Abin da zai fara ba irin wannan ɗalibi mamaki shi ne, Jakara ba ta ƙafewa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da aka yi wata biyar ko shida ba a ga ɗigon ruwan sama a Kano ba, za a tarar tana gudu. Tambayar farko ke nan da ya kamata mai nazari ya yi wa kansa: wannan ruwa daga ina? Amsar za ta zo a 3.3. Akwai kuma wani bambancin. Ruwan kudancin Katsina Kogin Kwara yake ƙarewa, ita kuwa Jakara tana cikin kwarin Haɗeja ne, wanda ya fuskanci Tafkin Cadi.

3.2 Jakara a Cikin Tarihi

Daɗaɗɗen rubutun da ya ambaci Jakara shi ne littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, sannan fassarar Hausa ta fito cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Bisa ga wannan littafi, a zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda, Jakara ruwa ce da duhun itatuwa ya kewaye, ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwan. Mutanen Dala na wancan lokaci sun ɗauki kurmin wuri mai tsarki a addininsu na gargajiya. Sun yi imani cewa idan wata masifa za ta auko wa ƙasa, alamarta daga nan take fara bayyana, sai a nemi baƙin kare da baƙin bunsuru a yi yanka.

Mai nazarin addini zai tsaya kan tsafin. Mai nazarin muhalli kuwa wani abu dabam zai tsinta a labarin. Na farko, a tsakiyar inda birni yake a yau an taɓa yin kurmi, kuma Bahaushe ba ya kiran wuri kurmi sai itatuwansa sun yi duhu, ƙasarsa kuma ba ta rabuwa da laima. Na biyu, baƙin da ruwan ya yi a wancan zamani ba na ƙazanta ba ne, domin babu masana'anta, jama'a ma ba su da yawa. Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin inuwa, ganyaye na zuba suna ruɓewa a ciki, dama baƙi yake yi. Na uku, tsoron da ake yi wa wurin ya zama masa kariya, domin ba kowa ke iya shiga da gatari ba. Ke nan Jakara ta yi baƙi sau biyu a tarihinta, amma dalilan ba ɗaya ba ne, kuma kuskure ne ɗalibi ya karanta tsohon sunan ya ce ai dama can haka take.

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka kafa kasuwa a wannan wuri. Itatuwan sun tafi, amma kasuwar ta riƙe sunan, har yau Kasuwar Kurmi ake ce mata. Ba abin mamaki ba ne a kafa kasuwa a bakin ruwa, tunda ayarin fatake da raƙuma da jakuna ba sa sauka inda babu mashaya.

Turawa biyu da suka zo Kano a ƙarni na 19 sun bar bayanin abin da suka gani. Hugh Clapperton, wanda ya iso a watan Janairu na 1824, ya ce wata babbar fadama ta kusan raba birnin gida biyu, kasuwa kuma tana ci ne a kan wani tudu da ya ratsa fadamar. Ya ambaci agwagin ruwa da sauran tsuntsaye a wurin, ya kuma koka da warin kwatamin gidaje. Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu na 1851. Shi ma ya kira Jakara da sunanta, ya ɗauke ta a matsayin abin da ke ɓata lafiyar garin, ya kuma lura cewa ta zama kamar iyaka: galibin Fulani masu mulki suna kudu da ita, Haɓe da baƙin 'yan kasuwa kuma suna arewa, wajen Dala. Dole a karanta waɗannan bayanai da lura, domin Turawan wancan zamani sun ɗauka warin fadama ne ke kawo zazzaɓi, ba a kai ga gano cewa sauro ne ba sai a 1897. Duk da haka shaidarsu ta nuna abu biyu: zuba ƙazanta a Jakara ya girmi zuwan masana'antu, amma a lokacin ruwan yana da sauran rai, tunda tsuntsaye na samun abin ci a cikinsa.

3.3 Yadda Ƙorama ta Koma Lambatu

Barth ya ƙiyasta mazauna Kano da kimanin mutum 30,000. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun tasam ma mutum miliyan uku. Wannan shi ne tushen al'amarin, sauran dalilai rassa ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, gari ya fara faɗaɗa a wajen ganuwa, daidai ɓangaren da Jakara ke bi. A farkon shekarun 1930 aka fara ba birnin ruwan famfo daga Calawa. A nan ne amsar tambayar da aka yi a baya take. Ruwan da aka jawo daga wani kogi, da wanda ake haƙowa daga rijiyoyi da burtsatse, idan an yi wanka da wanki da wanke-wanke da shi, dole ya nemi gangara. Da yake mafi yawan unguwanni ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa da zai kai shi wurin tacewa, sai ya bi kwata ya faɗa lambatu, lambatu kuma ya juye a Jakara. Wato abin da ke gudu a cikinta da rani kusan dukkansa ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne. Ga kuma jini da tumbi daga mayanka, da baƙin mai daga garejin makanikai, da shara da leda.

Sai batun masana'antu. A nan ɗalibai kan yi wani ruɗani da ya kamata a warware. Ba duk masana'antun Kano ne ke zuba a Jakara ba. Na Sharaɗa da na Calawa ruwansu kudu yake yi, ya shiga Kogin Calawa. Na Bompai ne ke bi ta Getsi su iske Jakara. Daga cikinsu waɗanda aka fi damuwa da su su ne na jima da na saƙa. Majemin gargajiya da bagaruwa da toka yake aiki, abubuwan da ƙasa ke iya cinyewa. Kamfanin jima na zamani kuwa da gishirin kuromiyam yake yi, wanda ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka ya yi ta taruwa. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, aka maye gurbinta da wata mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli a 2007, kuma doka ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Launin ruwan Getsi ya isa ya sa mai kallo ya yi shakkar ko ana bin dokar yadda ya kamata.

Wani abin da ya sauya ɗabi'ar Jakara shi ne cike kududdufai. Tsohon birni cike yake da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, su ne ke tare ruwan sama su riƙe shi. Da filin gini ya yi tsada, sai aka riƙa cike su da shara ana ɗora gidaje da shaguna. Ruwan da a da yake kwanciya a kududdufi ya nutse a hankali, yanzu gaba ɗayansa yake tasowa a lokaci guda, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi. Idan ya tarar leda ta toshe hanya, sai ya shiga gidaje.

3.4 Abin da Ɗalibai ke Aunawa

Kusancin Jakara da Jami'ar Bayero ya sa ta zama ɗaya daga wuraren da ɗaliban Labarin Ƙasa da na Kimiyyar Halittu da na Kimiyyar Sinadarai suka fi yin aikin fili a kansu. Dalilin a fili yake: a tafiyar da ba ta wuce yini guda ba, ɗalibi zai ga ruwa ɗaya ya ratsa tsohon birni, da kasuwa, da unguwannin zamani, da masana'antu, da gonaki, ya ƙare a madatsa.

Hanyar aikin kusan ɗaya ce. Akan zaɓi wurare kaɗan a tsawon magudanar, galibi ɗaya kafin mahaɗarta da Getsi, ɗaya a cikin Getsi, ɗaya bayan sun haɗu, ɗaya kuma a madatsa. A kowane wuri a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, a rubuta rana da wuri a jikinta. Aiki mai kyau sai an yi ɗiba biyu, ta rani da ta damina, domin ruwan sama yana tsarma ƙazantar, wanda ya ɗiba a Agusta kaɗai zai sami sakamakon da ya fi gaskiyar lamarin kyau. A ɗakin gwaji akan duba tsamin ruwan, da gishirin da ya narke a ciki, da yawan iskar shaƙa da ta rage masa, da ƙwayoyin cuta, da kuma ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam da kadmiyam. Batun iskar shaƙa yana buƙatar ɗan bayani. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ƙazanta suna shan iskar da ke cikin ruwa. Idan ƙazantar ta yi yawa sai su shanye ta, kifi ya rasa abin shaƙa, ruwan ya yi baƙi ya fara wari. Wannan shi ne baƙin Jakara na yau.

Masu nazarin halittu ba sa tsayawa kan kwalba, sukan ƙirga abin da ke raye. A cikin gari, inda aka ɗaure gefen magudanar da kankare, ba a samun komai sai gansakuka da tsutsar sauro da ɓeraye. Sai an fita wajen gari ake fara ganin ciyayi da kainuwa, balbela na kiwo a gefe. A madatsar Wasai akwai masunta, ana kama tarwaɗa da ƙarfasa, kifaye biyu da aka sani da juriyar gurɓataccen ruwa. A nan kuma ake neman ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar nan da ke sa yara fitsarin jini, wadda aka daɗe da sanin tana damun ƙauyukan da ke kewaye da madatsar.

3.5 Masu Lambu

Wurin da nazarin ya fi nauyi shi ne lambunan da ke gefen Jakara da Getsi, a wurare irin su Kwakwaci da Nomansilan da Gama Kwari. Da wannan ruwa ake noman latas da kabeji da karas da alayyafo da albasa da tumatir, a da da jigo, yanzu da injin ban-ruwa, kuma a kasuwannin Kano ake sayar da su. Rubuce-rubucen da aka yi kan waɗannan lambuna sun sha nuna samuwar ƙarafa masu guba a ƙasar da kuma jikin ganyen, musamman a inda ruwan Getsi ke kaiwa.

Haɗarin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, ruwan da za a shayar da abin da ake ci ɗanye kada ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida su wuce 1000 a kowane mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Irin wannan haɗari wankewa da kyau tana rage shi, dafuwa kuma tana kashe shi. Na biyu su ne ƙarafan. Su saiwa ce ke zuƙo su su shiga cikin jikin shukar, don haka wanki ba ya fitar da su, wuta ba ta ƙone su. Kayan ganye kamar latas da alayyafo sun fi masu 'ya'ya tara su. Cutarwarsu ba ta nan take ba ce, a hankali suke taruwa a jiki, su taɓa ƙoda ko ƙwaƙwalwar yara.

Sau da yawa kundayen ɗalibai kan rufe da shawarar a hana noma da ruwan Jakara. Shawarar tana da sauƙin rubutawa, amma ba ta dubi manomi ba. Mai lambu ba shi ya zuba kuromiyam a Getsi ba, tarar da shi ya yi. Yana amfani da ruwan ne saboda shi kaɗai ne ba ya yankewa da rani, ba a saye, kuma ƙazantar gidajen da ke cikinsa taki ce da ke rage masa kuɗin takin zamani. Shi ne kuma ya fi kowa shiga haɗari, tunda yini yake da ƙafa a ciki. Idan aka kore shi aka bar mai masana'anta, an bar jaki ana dukan taiki, ruwan kuma zai ci gaba da tafiya Wasai inda ake kamun kifi. Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya bambance shi ne ruwan gida da ruwan masana'anta. Na gida ana iya kwantar da shi a tafkunan tacewa a yi noma da shi, na masana'anta kuwa tun daga bakin kamfani ya kamata a tare shi.

3.6 Giɓin da ke Cikin Nazarin

A 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka fara aikin rufe magudanar Jakara da ta Kwarin Gogau da kankare domin a shimfiɗa titi a kai, aikin da aka fi sani da titin Wuju-Wuju. Daga baya aikin ya tsaya na tsawon shekaru. Mazauna bakin magudanar suna da hujjar son a rufe ta, domin su ke kwana da wari da sauro, su ne kuma yaransu ke faɗawa ciki da damina. Sai dai rufewa ba tacewa ba ce. Ruwan da ya shiga ta ƙarƙashin titi haka zai fito a ɗaya bakin, ya tafi lambunan da aka ambata. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, an taɓa rufe rafin da ya ratsa tsakiyar gari aka ɗora titin sama a kansa, sannan tsakanin 2003 da 2005 aka rushe titin aka sake buɗe rafin da kuɗi masu yawa. Ba a kawo wannan don a ce Kano ta kwaikwayi Seoul ba, yanayin garuruwan biyu ya sha bamban. An kawo shi ne don a nuna cewa rufe hanyar ruwa hukunci ne da jikoki kan sake dubawa.

Ga ɗalibi, rufewar tana da wata illa. Duk sashen da kankare ya hau, ya fita daga idon mai nazari, yaron da aka haifa bayan haka kuma titi kawai zai sani. A nan ne ɗalibin Hausa yake da aikin da na kimiyya ba zai yi masa ba, domin inji yana auna abin da ke cikin ruwa a yau ne kawai, ba ya faɗin abin da wurin yake a da.

Sunayen wurare suna faɗa. Kurmi ya nuna itatuwa. Dausayi, wadda unguwa ce a cikin birni, kalma ce da ke nufin ƙasa mai laima da ciyawarta ba ta bushewa. Kwarin Mabuga da Kwarin Gogau da Gama Kwari duk suna nuna gangaren da ruwa ke bi. Akwai Ƙofar Ruwa, akwai kuma unguwar Bakin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Dala. Wannan ta ƙarshe tana da wani darasi na rubutu. A lokacin da Palmer ya yi fassararsa ba a fara amfani da haruffa masu lanƙwasa ba, don haka a rubutun wancan zamani ba a iya bambance baki na gefe da baƙi na launi. Mai karatun da bai ji kalmar daga bakin Bakano ba yana iya haɗa sunan unguwar da sunan tsohon kurmin ya ɗauka abu ɗaya ne, ko ya raba su ba tare da hujja ba. Wanda ya san harshen ne zai iya zuwa ya saurari yadda dattawan unguwar ke furta sunan, ya tambayi abin da suka ji daga iyayensu.

Haka abin yake ga sunayen tsirrai da tsuntsaye. Ɗalibin kimiyya yakan rubuta sunan Latin na abin da ya tarar, amma ba shi da hanyar rubuta abin da ya ɓace. Tsohon mai lambu a Kwakwaci ko masunci a Wasai shi ne zai iya cewa ko ya taɓa ganin bado a wuri kaza, ko gaiwa, ko kirinjijiya da zalɓe, da kuma zamanin wane sarki ko wane gwamna aka daina ganinsu. Irin wannan hira tana da ƙa'idojinta: a yi ta da mutum fiye da ɗaya a kowane wuri, kowa shi kaɗai, a ɗauki magana a rikoda, a rubuta sunan kamar yadda aka furta shi, sannan a nuna wa mai ba da bayanin hoto ko ganyen abin don a tabbatar ana magana kan abu ɗaya, domin sunan tsiro ɗaya yakan bambanta tsakanin Kano da Katsina. Mutanen da suka san kwarin Jakara da wayonsu kafin a gina madatsar Wasai a 1976 yanzu duk sun haura shekara hamsin, saboda haka da su ya kamata a fara.